Ɓurɓushin Ƙarfe a Kan Girafin: Me Yake Ƙara wa Mashigin Lantarki?

GABATARWA



 Batun da muka zo da shi na kimiyyar sinadarai ne, kuma mun san a cikin zauren nan akwai waɗanda rabonsu da ɗakin gwaji tun suna makarantar sakandare. Saboda haka za mu bi shi sannu a hankali, mu faro daga abin da kowa ya sani.

Da wuya a sami wanda bai taɓa fasa mataccen batirin tocila ba a lokacin ƙuruciya. Wanda ya fasa ya san abin da ke ciki: gwangwanin tutiya daga waje, baƙin gari mai danshi, da wata baƙar sanda ta kabon a tsakiya. Asalin wannan batir yana komawa ga wani Bafaranshe, Georges Leclanché, a shekarar 1866. Mafi yawan baƙin garin nan sinadarin manganis ne, shi ne kuma mai karɓar wutar, amma shi kaɗai ba ya gudanar da ita sosai. Don haka ake cuɗa shi da garin kabon, domin wutar ta sami hanyar isa ga kowace ƙwaya. Watau tun fiye da shekara 150 masu ƙira suka gane cewa ɗan abin da aka ƙara cikin haɗi yana iya sauya aikin batir baki ɗaya.

Abin da za mu tattauna yau jikan wannan dabara ne. Kabon ɗin ya zama girafin, abin da ake barbaɗa masa kuwa ɓurɓushin ƙarfe ne wanda ido ba ya gani. Tambayarmu kashi biyu ce: me ɓurɓushin nan yake yi, kuma yaya za a tabbatar cewa shi ne ya yi?

MASHIGI DA MAI ƘETARAWA

Wutar lantarki gudun wasu ƙananan abubuwa ce da ake kira ilektiron. A cikin waya suna gudu ba wuya. Amma a cikin batir, ko na'urar gwajin jini, akwai wurin da daskararren abu ya haɗu da ruwa, kuma a nan tilas ne ilektiron ya bar daskararren ya sauka a kan wani sinadari da ke narke cikin ruwan, ko kuwa ya baro sinadarin ya hau. Wannan daskararren abu shi ne Michael Faraday na Ingila ya raɗa wa suna ilektirod a shekarar 1834, daga kalmomin Girkanci masu nufin hanyar lantarki. Mu a nan za mu kira shi mashigin lantarki, gama kamar mashigin kogi yake. Komai kyan hanyar da ta kawo matafiyi, a bakin ruwa ake sanin ko zai wuce.

Wanda ya bayyana ƙa'idar wannan ƙetarawa shi ne Rudolph Marcus, a Amurka, tun daga shekarar 1956, aikin da ya jawo masa Kyautar Nobel a 1992. Daga aikinsa da na waɗanda suka ɗora a kansa, kamar Heinz Gerischer na Jamus, mun san cewa saurin ƙetarawar ya dogara ga abubuwa uku.

Na farko, ruwan da ke kewaye da sinadarin sai ya gyara zama kafin ilektiron ya iya sauka, kuma wannan gyaran zama yana cin ƙarfi. Na biyu shi ne nisa. Ilektiron yana iya tsallake ɗan shinge ko da shingen ba ya gudanar da wuta, amma idan shingen irin na maiko ne, ƙarin kauri na nanomita ɗaya tak yana iya rage saurin tsallakewar har ninki dubu ashirin. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai guda yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Na uku shi ne yawan mazaunan da mashigin yake da su a daidai matakin ƙarfin da ake bukata, watau guraben da ilektiron zai tashi daga kansu ko ya sauka. Ƙarfe irin su zinariya da filatinam suna da waɗannan gurabe birjik. A riƙe wannan batu na uku, domin a kansa matsalar girafin take.

GIRAFIN DA MATSALARSA

Bakin fensirin da muke rubutu da shi girafait ne, watau shimfiɗun kabon da aka jera wani kan wani kamar shafukan littafi. Shimfiɗa guda daga ciki, mai kaurin atam ɗaya, ita ce girafin. Sai an jera wajen miliyan uku kafin su kai kaurin milimita ɗaya. Philip Wallace ya yi lissafin halayensa a 1947, amma sai a 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchesta suka ɓanɓaro shi da salatif suka auna yadda yake gudanar da wuta, aka ba su Kyautar Nobel a 2010.

Abin da ya ja hankalin masu ƙera mashigi abu biyu ne. A cikin tsarkakken girafin ilektiron yana tafiya da sauƙin da ya fi na silikon fiye da ninki ɗari. Sa'an nan giram ɗaya nasa, idan aka lissafa fuskokinsa biyu, yana da faɗin murabba'in mita 2,630, watau ya ɗara rubu'in hekta. Da jin haka sai mutum ya zaci an gama, an sami sarkin mashigai.

Amma fa gudu a kan hanya daban, ƙetare kogi daban. Tsarkakken girafin yana da ƙarancin guraben nan da muka ambata. A wani mataki da ake kira matakin Dirac ma lissafi ya nuna babu su sam. Bugu da ƙari, fuskarsa sumul take, ba ta kama yawancin sinadarai da ƙarfi, alhali kuwa akwai ayyukan da ba sa yiwuwa sai an kama sinadarin an raba shi. Har ila yau shimfiɗun suna son juna. Da zarar an busar da su sai su manne su koma kamar girafait, faɗin nan da ake taƙama da shi ya tafi. Masana sun daɗe suna cewa gefen shimfiɗa da wuraren da ta yage ne kaɗai ke aiki da sauri. A 2012 Patrick Unwin da abokan aikinsa a Jami'ar Warwick suka nuna cewa fuskar girafait da aka ɓare yanzun nan ita ma tana da sauri ga wasu sinadarai, sai dai takan dushe idan ta sha iska. Ko ta wace fuska aka duba, girafin shi kaɗai bai cika alkawarin da aka ɗora masa ba. Daga nan aka koma ga ɓurɓushin ƙarfe.

HANYOYI HUƊU

Ɓurɓushin da muke nufi ƙwayoyi ne masu faɗin nanomita ɗaya zuwa ɗari, na zinariya, ko filatinam, ko azurfa, ko tsatsar ƙarfe iri-iri. Faraday ya haɗa irinsu na zinariya a 1857, ya ga ruwan ya koma ja jawur. Muhimmancin ƙanƙantarsu lissafi ne mai sauƙi. A dunƙulen zinariya kusan dukkan atam a ciki suke a ɓoye, ba sa taɓa ruwa. Amma ƙwaya mai atam 309, wadda faɗinta ya ɗan wuce nanomita biyu, 162 daga cikinsu a waje suke, watau fiye da rabi. Idan aka barbaɗa irin waɗannan a kan girafin, suna taɓa ƙetarawar ilektiron ta hanyoyi huɗu, kuma kowace da nata dalili.

Hanya ta farko ita ce hana mannewa. Ƙwayoyin suna shiga tsakanin shimfiɗu su tokare su, ruwa ya sami hanyar shiga. A 2008 Yongchao Si da Edward Samulski a Amurka suka nuna cewa girafin da aka busar tare da ƙwayoyin filatinam ya riƙe faɗin da ya fi na wanda aka busar shi kaɗai fiye da ninki goma. A lura da kyau: a nan bakin mashigin ne ya ƙara faɗi. Kowane ilektiron yana ƙetarawa da saurinsa na da, yawan masu ƙetarawa a lokaci guda ne ya ƙaru.

Hanya ta biyu ita ce sauya halin girafin kansa. Kowane ƙarfe yana da irin ƙarfin da yake riƙe ilektiron da shi. Idan ya zauna a kan girafin sai a yi musaya tsakaninsu har su daidaita. Lissafin da wasu masana suka yi a ƙasar Holand a 2008 ya nuna cewa azurfa da jan ƙarfe da alminiyam suna zuba wa girafin ilektiron, zinariya da filatinam kuwa suna janye masa. Ko an zuba ko an janye, girafin ya gusa daga matakin Dirac inda babu gurabe, ya koma inda akwai su. Ta haka shimfiɗar da ke kewaye da ƙwayar takan ƙara kuzari.

Hanya ta uku ita ce zama tsani. Yawancin girafin da ake aiki da shi ba tsarkakke ba ne. Yana ɗauke da ragowar iskar oksijin da danƙon da aka haɗa shi da shi, waɗanda ke zame wa ilektiron shinge. A 2011 Jean-Noël Chazalviel da Philippe Allongue na Faransa suka bayyana dalilin wani abin mamaki da aka sha gani: mashigin da aka lulluɓe da siririn shinge har ya daina aiki yakan farfaɗo idan aka ɗora masa ƙwayoyin zinariya a kan shingen. Dalili shi ne ƙwayar tana da gurabe masu yawa, saboda haka musaya tsakaninta da mashigin tana da sauƙi ko da shinge, ita kuma sai ta miƙa wa sinadarin da ke cikin ruwa. Wani misali mai kyau ya fito daga Itamar Willner da abokan aikinsa a 2003. Sun maƙala ƙwayar zinariya mai faɗin nanomita 1.4 a jikin sinadarin nan mai sarrafa sukari da ake amfani da shi wajen gwajin masu ciwon sukari, sai ya riƙa miƙa ilektiron wajen sau 5,000 a daƙiƙa, alhali da iskar oksijin da ya saba aiki da ita wajen sau 700 yake yi. Mashigin nasu na zinariya ne, amma ƙa'idar ita ce ake nema a kan girafin.

Hanya ta huɗu ita ce dillanci. Akwai ayyukan da ƙetarawa kaɗai ba ta ishe su ba, kamar mayar da iskar oksijin ruwa a cikin injin da ke samar da wuta daga iskar haidirojin. A nan sai an kama oksijin ɗin, an raba shi biyu, an miƙa masa ilektiron huɗu. Filatinam ya ƙware a wannan, gama yana kamawa daidai, bai cika sassauci ba, bai kuma cika tsanani ba. Kamar dillali yake, ya haɗa mai saye da mai sayarwa shi kuwa ya fita yadda ya shiga. Ƙanƙanta tana iya mayar da ƙarfen da ba ya wannan aiki ya zama mai yi. Zinariya ta shahara da rashin kula kowane sinadari, amma a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyinta suna ƙone iskar guba ta hayaƙin mota ko a cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. A irin wannan hali ƙwayar ce ke aikin, girafin kuwa tabarma ce da waya.

Ba za mu wuce ba sai mun ambaci cewa ɓurɓushin yana iya yin ɓarna. Domin kada ƙwayoyin su dunƙule tun a kwalba, akan lulluɓe su da wasu sinadarai masu kama da sabulu. Idan ba a wanke waɗannan ba sai su zama sabon shinge. Idan an cika barbaɗawa ƙwayoyin sukan haɗe su zama manya, amfanin ƙanƙanta ya tafi. Kuma da daɗewar aiki ƙananan sukan narke su koma kan manya, kabon ɗin da ke ƙarƙashinsu ma yakan zaizaye. In kiɗa ya yi yawa, rawa kan ɓaci.

INDA AWO KE YAUDARA

To, yaya ake auna saurin? Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce a riƙa ɗaga ƙarfin wutar da ke kan mashigi ana saukewa, na'ura tana zana yawan wutar da ke gudana. Zanen yakan fito da tudu biyu, ɗaya wajen tafiya, ɗaya wajen dawowa. Idan ƙetarawar tana da sauri ƙwarai, kuma ilektiron ɗaya ake miƙawa, tazarar tudun biyu takan kasance wajen milibolt 59 a zafin digiri 25. Gwargwadon nawar ƙetarawar, gwargwadon faɗin tazarar. Richard Nicholson ya fitar da hanyar juya tazarar zuwa lissafin sauri a 1965.

Ga inda gizo ke saƙar. Lissafin Nicholson an gina shi ne a kan mashigi mai fuska shimfiɗaɗɗiya. Girafin da aka barbaɗa wa ƙwayoyi kuwa kamar soso yake, ruwa yana maƙalewa a cikin ramukansa. Richard Compton da ɗalibansa a Jami'ar Oxford sun nuna a 2008 cewa wannan maƙalewa kaɗai tana matse tazarar tudun biyu, ko da saurin ƙetarawa bai ƙaru da komai ba. Watau mai bincike yana iya ganin aikin hanya ta farko ya rubuta cewa ya ga ta huɗu.

Yaudara ta biyu ta fi wannan ban kunya, ita ce ta baƙon da ba a gayyata ba. A 2006 mutanen Compton suka gano cewa wani dillanci da aka yi ta yaba wa siraran bututun kabon, 'yan'uwan girafin, aikin ragowar baƙin ƙarfe ne da ya maƙale a cikinsu tun wajen ƙira. Girafin ma bai tsira ba. Hanyar da aka fi bi wajen samar da shi da yawa ita ce ta Hummers da Offeman ta 1958, wadda ke amfani da wani sinadarin manganis. A 2013 Martin Pumera da abokan aikinsa suka nuna cewa ɗan manganis da ya saura ya isa ya haifar da kuzarin da wasu ke danganta wa girafin da suka ce babu ƙarfe a cikinsa. Ashe tsohon abokinmu na batirin tocila ne ya laɓe yana aikin.

Da abin ya ishe su, a 2020 Pumera da Lu Wang da Zdeněk Sofer suka haɗa girafin da kashin tsuntsu, suka auna shi bisa ƙa'ida, suka buga sakamakon a mujallar ACS Nano. Mai kashin tsuntsun ya fi wanda ba a sa wa komai ba. Kuna dariya, kuma sun so a yi dariyar, amma saƙonsu mai nauyi ne. Tun da kusan duk abin da aka zuba wa girafin yana ƙara masa wani abu, to, faɗin cewa "mun zuba kaza, ya ƙaru" bai zama ilmi ba tukuna. Ilmin yana wajen faɗin dalili.

ABIN DA KE KAN FAIFAI

Wani zai ce wannan gardamar masana ce, ina ruwanmu? A shekarar 2010 aka gano cewa gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Jihar Zamfara, kamar Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, sakamakon niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. 'Yar na'urar da likitoci suka shiga ƙauyukan da ita don gwada jini da irin ilmin nan take aiki. Mashiginta na kabon ne mai ɗauke da ɓurɓushin zinariya. Tana tara dalmar da ke cikin ɗigon jini a kansa, sa'an nan ta tsige ta, ta auna wutar da ta fito. Iyakar awonta maikirogiram 65 ne a kowane kashi ɗaya cikin goma na lita, kuma jinin yara da yawa ya zarce wannan iyaka. Neman zinariya ne ya kawo gubar, da ɗigon zinariya kuma aka auna ta.

Masu bincike da dama suna ƙoƙarin ƙera irin wannan mashigi da girafin haɗe da zinariya ko bismat, domin a sami mai araha da zai gano dalma a ruwan rijiya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikirogiram 10 a lita. Ku ɗauka an ƙera shi, ya yi kyau a ruwan ɗakin gwaji, amma wanda ya ƙera bai san dalilin kyansa ba. Ran da aka tsoma shi a ruwan rijiya mai laka da jan ƙarfe, waɗanda ke toshe mashigi ko su rikita awo, sai ya nuna babu guba alhali akwai. Uwa ta ɗebi ruwan ta ba ɗanta. Kuskuren da ya fara a kan takarda ke nan ya ƙare a tsakar gida.

Ta fuskar kuɗi ma haka ne. Wajen kashi 70 cikin 100 na filatinam da ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma tsadarsa na cikin abubuwan da suka hana injin haidirojin yaɗuwa. Wanda ya san cewa tokare shimfiɗu kaɗai ƙwayoyinsa suke yi ba zai ɓata filatinam a wannan aiki ba, zai nemi abu mai araha.

KAMMALAWA

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinku za su rubuta kundin kammala karatu, wasu a kan wannan fanni. Muna roƙonku, kafin ku rubuta cewa ɓurɓushinku ya ƙara sauri, ku amsa waɗannan tambayoyi. Kun auna girafin shi kaɗai, da ƙwayoyin su kaɗai, kafin ku auna haɗin? Kun raba yawan wutar da ainihin faɗin da ruwa ya taɓa, ko da faɗin da ido ke gani? Kun bincika ko akwai manganis ko baƙin ƙarfe da ya saura? Kun gwada da sinadari fiye da ɗaya, tun da wani yana kula da halin fuskar mashigi, wani kuwa bai damu ba? Kun sake ƙera mashigin sau da dama kun ga abu ɗaya? Kun bar shi ya yi kwanaki yana aiki? Yawancin waɗannan ba sa bukatar na'ura mai tsada. Haƙuri suke bukata, da yarda cewa sakamakon da bai yi daɗi ba shi ma sakamako ne, a rubuta shi yadda ya zo.

Ku kuma da kuke karatun shari'a, ko tattalin arziki, ko aikin jarida, wata rana za a kawo muku takarda a teburinku ana neman kuɗi ko izini ko yabo a kan wata na'ura mai girafin da ƙwayoyin nano. Ku tambayi mai ita ta wace hanya cikin huɗun nan ƙwayoyinsa suke aiki, kuma da me ya tabbatar. Wanda ya yi aikinsa da gaskiya zai ji daɗin tambayar.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.